Masu Sa Wa Tarihi Rana

Akwai wata magana da malaman kimiyya ke son faɗa wa ɗalibai, ni ma da ita aka fara jawo hankalina: wai a shekarar da Galileo ya rasu, a cikinta aka haifi Isaac Newton, wato 1642. Maganar tana da daɗin ji, domin tana sa mutum ya ga kamar wani ne ya ajiye fitila, wani ya ɗauka tun ba ta mutu ba. In ka duba littattafai ma za ka tarar da abin da ke mara mata baya. Galileo ya rasu ranar 8 ga Janairu, 1642 a Arcetri, kusa da birnin Florence na Italiya. Newton kuwa an haife shi ranar 25 ga Disamba, 1642 a ƙauyen Woolsthorpe na Ingila. Duka ranakun biyu haka aka rubuta su, ba wanda ya ƙirƙira. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba da mudu ɗaya aka auna su ba.

A wancan zamani Italiya da Ingila kowacce da kalandarta. Asalin rabuwar ya koma ga wani ɗan ƙaramin kuskure da ya yi ta taruwa. Tsohuwar kalandar Turai, wadda Yuliyas Kaisar ya kafa a Roma, ta ɗauka cewa shekara kwana 365 ce da rubu'in kwana. Shi ya sa duk bayan shekara huɗu ake haɗa rubu'in nan huɗu su ba da kwana guda, a ƙara wa Fabrairu. To amma zagayen yanayin shekara bai cika hakan ba, ya gaza da kimanin minti 11. Minti 11 a shekara ba abin da manomi ko ɗan kasuwa zai lura da shi ba ne, sai dai da yayyafi kogi kan cika: duk shekara 128 ko kusa da haka, mintocin nan sukan haɗu su zama kwana ɗaya cur. Daga taron manyan malaman Kirista da aka yi a Nicaea a shekarar 325, wanda aka jingina lissafin bikin Ista da zamaninsa, zuwa ƙarni na 16, kalandar ta riga ta goce wa yanayi da kwana goma.

Paparoma Gregory na 13 ne ya ba da umarnin gyara a 1582. Mutane suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ranakun mako ba a taɓa su ba, lambar kwanan wata kawai aka tsallake. Don kada ɓarakar ta dawo, aka kafa wata ƙa'ida: shekarun da ke rufe ƙarni ba za a ƙara musu kwana ba sai in 400 ta raba su ba saura. Ke nan 1700 da 1800 da 1900 ba su sami 29 ga Fabrairu ba, 2000 ta samu. Ƙasashen Katolika irin su Italiya da Sifaniya suka karɓa nan take. Ingila, da yake ta riga ta ɓalle daga cocin Roma, ta ƙi bin umarnin Paparoma har tsawon shekara 170.

Yanzu mu koma ga mutanenmu biyu. In muka auna su da sabuwar kalanda, Galileo ya rasu a Janairun 1642, Newton kuwa haihuwarsa ta faɗo 4 ga Janairu, 1643. In muka auna su da tsohuwa, Newton yana nan a 1642, amma rasuwar Galileo ta koma 29 ga Disamba, 1641. Duk mudun da ka ɗauka, muddin shi kaɗai ka yi awo da shi, shekarun sun rabu. Ba sa haɗuwa sai an auna wannan da mudun Italiya, wancan da mudun Ingila. Haka nan batun 23 ga Afrilu, 1616 da ake cewa marubutan nan biyu, Shakespeare na Ingila da Cervantes na Sifaniya, sun rasu rana ɗaya: akwai kwana goma ko fiye a tsakaninsu.

Da Ingila ta zo sauyawa a 1752, giɓin ya zama kwana 11. Laraba 2 ga Satumba, washegari Alhamis 14 ga Satumba. A lokacin ne kuma suka daina fara shekara daga 25 ga Maris, suka koma 1 ga Janairu. Wannan shi ya sa a kan kabarin Newton da ke cocin Westminster an rubuta ya rasu 20 ga Maris, 1726, alhali littattafan yau suna cewa 31 ga Maris, 1727. George Washington ma, shugaban Amurka na farko, ranar 11 ga Fabrairu, 1731 aka rubuta masa lokacin da aka haife shi, domin ƙasar tana ƙarƙashin Ingila. Yau 22 ga Fabrairu, 1732 ake cewa.

A kan wannan sauyi na 1752 wani labari ya tsiro wanda ya daɗe cikin littattafan makaranta: wai talakawan Ingila sun yi bore suna neman a mayar musu da kwanakinsu 11, suna zaton an rage musu tsawon rai. Masana tarihin da suka bi jaridu da takardun kotu na lokacin ba su ga shaidar wannan bore ba. Inda aka gano tushen labarin shi ne wani zane da William Hogarth ya yi a 1755 kan hargitsin zaɓe, wanda a ƙasansa akwai wani allo yashe mai ɗauke da maganar kwanakin. Daga allo a cikin zane, na baya suka gina tarzoma a titi. Ni abin da ya fi damuna da labarin shi ne yana mayar da talaka wawa. Alhali damuwar mutane a lokacin mai ma'ana ce: wanda ke biyan kuɗin haya wata-wata ko kwata-kwata dole ya tambaya ko za a caje shi cikakken kuɗi a watan da kwana 19 kawai gare shi.

Rasha ta fi kowa jinkiri cikin manyan ƙasashen Turai, sai a 1918 ta sauya, giɓin ya kai kwana 13. Juyin juya halin da aka sani da na Oktoba ya faru 25 ga Oktoba, 1917 a lissafinsu, amma Tarayyar Sobiyet duk tsawon rayuwarta 7 ga Nuwamba take faretinsa.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu, domin da kalanda biyu muke rayuwa kullum. Shekarar Hijira, da yake da wata ake ƙirga ta, kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Shi ya sa azumi ke yawo, ya zo da sanyin hunturu, bayan wasu shekaru ya zo da zafin bazara, har ya kewayo inda ya taso cikin kusan shekara 33. Abin da ba mu cika tunawa ba shi ne yadda wannan ke shafar bukukuwan cika shekara. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, wanda ya yi daidai da shekara ta 1218 bayan Hijira. An yi bikin cikar Daular Sakkwato shekara 200 a 2004. Amma a lissafin da Shehu da almajiransa suka sani, wanda da shi suke sa wa littattafansu kwanan wata, shekara 200 ta cika ne a 1418, wato farkon 1998. Ba kuskure aka yi a 2004 ba, mudu ɗaya aka zaɓa cikin biyu, kuma tsakaninsu shekara shida ce.

Ko da kalanda ɗaya ce a duniya, da sauran aiki, domin babban lamari ba ya faruwa a rana guda. Sa wa tarihi rana kamar sa ranar aure ne. An daɗe ana neman juna, an kai gaisuwa, an yanka sadaki, za a ɗaura, za a tare. Wace rana ce ranar auren? Dole wasu su zauna su tsayar. Sahabbai ma sai da suka zauna. A zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 16 ko 17 bayan Hijira, aka ga buƙatar ƙidayar shekaru saboda wasiƙun mulki suna zuwa ba a san na wace shekara ba ne. Aka yi shawara, aka tsayar da Hijira a matsayin mafari. Annabi (SAW) ya isa Madina a watan Rabi'ul Awwal, amma Muharram aka ɗauka farkon shekara, watan da ke biye da dawowar alhazai. Wannan zaɓi ne da aka yi a fili, kowa ya san dalilinsa, ba a ɓoye wa na baya komai ba.

Amurkawa suna bikin 'yancin kai ranar 4 ga Yuli. Majalisarsu kuwa ranar 2 ga Yuli, 1776 ta kaɗa ƙuri'ar ɓallewa daga Ingila, har John Adams ya rubuta wa matarsa cewa ranar 2 ce jikoki za su riƙa shagali. Ranar 4 aka amince da rubutun sanarwar, yawancin wakilai kuma sai 2 ga Agusta suka sa hannu. Ranar da aka buga a saman takarda ita ta ci. A Faransa, 14 ga Yuli ana tuna fasa kurkukun Bastille a 1789, inda fursuna bakwai kacal aka tarar, kuma sai a 1880 aka mayar da ita ranar ƙasa. A nan gida mun gani da idonmu: a da Nijeriya tana bikin Ranar Dimokuraɗiyya a 29 ga Mayu, ranar da soja suka miƙa mulki a 1999, sai a 2018 Shugaba Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke. Abubuwan biyu duk sun faru. Abin da ya sauya shi ne wanne ake so ƙasa ta riƙa tunawa. Nijar ita ma ranaku biyu gare ta, 18 ga Disamba, 1958 da aka kafa jamhuriya, da 3 ga Agusta, 1960 da aka sami 'yancin kai.

Wani lokaci kuma ranar ma babu ita, sai a yi kintace. A 1983 Tarayyar Sobiyet ta buga kan sarki don cikar Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi shekara 1200 da haihuwa. Mutumin ya cancanci fiye da haka. Ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabara, daga sunansa kuma aka sami kalmar algoridim da masu kwamfuta ke amfani da ita yau. Amma ba wanda ya rubuta shekarar haihuwarsa, masana wajajen 780 kawai suke cewa. Fuskar da ke jikin kan sarkin nan, mai rawani da gemu, wadda yanzu ta cika intanet da littattafan yara, mai zane ne ya ƙago ta.

Inda gaskiya da almara suka fi cakuɗewa shi ne labaran da ke rataye a jikin ranakun, kuma a nan ina ganin muna da abin aiki a hannu da ba mu cika amfani da shi ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san tambayoyin isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riski abin ko bai riska ba, shekara nawa tsakaninsu? In ka ɗora waɗannan tambayoyi a kan labaran kimiyya, sai ka ga sun rarrabu, ba duka ne matsayinsu ɗaya ba.

Ɗauki tuffar Newton. Isnadinta ya fi yadda mutane ke zato ƙarfi. William Stukeley, abokinsa ne, ya rubuta cewa ranar 15 ga Afrilu, 1726 sun sha shayi a inuwar itatuwan tuffa, Newton da bakinsa ya gaya masa cewa faɗuwar tuffa ce ta sa shi tunanin me ya sa kullum abu ƙasa yake nufa, ba gefe ba, ba sama ba. Abin ya faru wajajen 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge ya koma gida. To ka ga mai ruwaya ya ji daga mai abin. Sai dai dattijo ne mai shekara 83 yake ba da labarin abin da ya faru shekara 60 baya, kuma ba inda ya ce tuffar a kansa ta faɗo. Wannan ƙarin na baya ne. Babbar illar labarin ba a wannan ƙari take ba. Tana cikin yadda yake dunƙule aikin shekara 20 ya koma yammaci guda. Littafin da Newton ya bayyana dokar ƙarfin janyowa a cikinsa, wanda ya nuna cewa abin da ke jan tuffa ƙasa shi ne ke riƙe da wata a kan hanyarsa, sai a 1687 ya fito, bayan lissafi mai tsawo, da musayar wasiƙu da Robert Hooke, da matsin lambar Edmond Halley wanda har kuɗin bugawa shi ya biya. Yaron da aka ba labarin tuffa kaɗai zai tashi da zaton cewa ilimi faɗowa yake daga sama kan masu baiwa, in ya zauna bai ji ya faɗo masa ba sai ya ce shi ba ya ciki.

Labarin Galileo da hasumiyar Pisa isnadinsa ya fi rauni. Wai ya hau karkatacciyar hasumiyar nan ya sako ƙwallo mai nauyi da marar nauyi, suka dira tare. Galileo bai ambaci haka a rubuce-rubucensa ba. Almajirinsa Vincenzo Viviani ne ya kawo shi a 1654, shekara 12 bayan rasuwar malamin, kan abin da aka ce ya faru tun kafin a haifi shi Vivianin da shekara talatin. Wanda aka tabbatar ya yi irin wannan gwaji shi ne Simon Stevin, daga hasumiyar wata coci a garin Delft na Holan, wajajen 1586. Shi Galileo abin da ya yi ya fi wannan wahala: ya riƙa gangaro ƙwallo kan katako mai gangara, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya zuba, domin babu agogo mai kyau a lokacin. Amma sakamakon da labarin hasumiyar ya faɗa gaskiya ne, kuma a watan Agustan 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa tare a gaban kyamara.

Wani lokaci bikin ne da kansa ke haifar da almarar. Hoton da duniya ta sani na dubban mutane suna tururuwa suna haura ƙofar Fadar Hunturu a birnin Petrograd daga fim ɗin Sergei Eisenstein ya fito, wanda aka sa shi ya shirya don cika shekara 10 da juyin juya halin Rasha. Kafin shi ma, a 1920, an yi wasan kwaikwayo a filin fadar da dubban mutane don cika shekara uku, aka ɗauki hotuna, daga baya aka riƙa buga ɗaya a matsayin na ainihin daren. Daren 1917 kuwa fadar ta faɗi ba tare da wata babbar turjiya ba.

Kada wannan ya sa mu ƙaryata duk abin da ya zo da ban mamaki. John Adams da Thomas Jefferson, waɗanda suka yi aikin sanarwar 'yancin Amurka tare, kowanne kuma ya yi shugabanci, sun rasu rana ɗaya, 4 ga Yuli, 1826, ranar da sanarwar ta cika shekara 50 daidai. Wannan tabbatacce ne. An haifi Stephen Hawking 8 ga Janairu, 1942, shekara 300 cif bayan rasuwar Galileo, da mudu ɗaya wannan karon, ya kuma rasu 14 ga Maris, 2018, ranar haihuwar Albert Einstein. Kwana 365 ne kawai a shekara, sanannun mutane kuwa dubbai, dole ranaku su riƙa karo da juna. Ita 14 ga Maris ɗin ce ma UNESCO ta ayyana Ranar Lissafi ta Duniya a 2019, saboda Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, sai ta fito 3/14, kamar 3.14, farkon lambar fai, wato amsar da ake samu in aka raba kewayen da'ira da faɗinta. Mu da muke fara rubuta rana, 22 ga Yuli ce ta fi dacewa da mu, domin 22 bisa 7 ita aka koya mana a firamare.

Cikin duk waɗannan, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne na Carl Friedrich Gauss, babban masanin lissafi na Jamus. An fi saninsa da labarin yarinta, wai malami ya ce a haɗa 1 zuwa 100 don ya huta, yaron ya lura cewa 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 ma haka, har sau 50, ya rubuta 5050 nan take. Ruwayar farko, wadda abokinsa Sartorius von Waltershausen ya rubuta a 1856, ta kawo malamin da allon da saurin yaron, amma ba ta ambaci 1 zuwa 100 ba. Lambobin na baya ne suka sa. Labarin da nake nufi shi ne na ranar haihuwarsa.

Mahaifiyar Gauss ba ta yi karatu mai zurfi ba, ba ta riƙe kwanan watan da ta haife shi ba. Irin kakanninmu ce, waɗanda in ka tambaye su shekarunsu sai su ce an haife su shekarar zuwan Sarauniya, ko shekarar canjin kuɗi, ko ana saura kwana kaza Sallar layya, su ne kuma da aka zo yin katin shaida aka rubuta wa da yawansu 1 ga Janairu. Abin da ta iya tunawa shi ne ranar Laraba ce, saura kwana takwas bikin da Kirista ke yi na hawan Annabi Isa sama, a shekarar 1777. Wannan biki ba shi da tsayayyar rana, yana zuwa kwana 39 bayan Lahadin Ista, ita kuma Ista da lissafin wata da na rana ake gano ta, kowace shekara tana motsi. Gauss ya zauna ya fitar da hanyar lissafi da za a gano ranar Ista ta kowace shekara ba tare da duba jadawalin coci ba, ya wallafa ta a 1800. Istar 1777 ta faɗo 30 ga Maris. Ƙara kwana 39, ka isa Alhamis 8 ga Mayu. Cire takwas, ka tsaya a 30 ga Afrilu, kuma Laraba ce, kamar yadda tsohuwa ta faɗa.